Yadda Ake Haɗa Shigar Jawa na Star Wars, a Ɗauke Shi Hoto a Yashin Kogin Kaduna

Kusan duk wanda ya zo wurina yana son fara kwaikwayon shigar 'yan fim, abin nan da ake kira kosfile, da Darth Vader, babban mugun nan mai baƙar shiga na fim ɗin Star Wars, yake buɗe baki. Ni kuwa sai in ce masa ya ajiye wannan tukuna, ya fara da Jawa. Jawa su ne gajerun halittun nan masu doguwar riga ruwan ƙasa da ke cikin Star Wars, fim ɗin George Lucas na 1977. Tsayinsu bai wuce mita ɗaya ba, ba a ganin fuskarsu sai idanu biyu rawaya suna ci kamar garwashi, kuma sana'arsu yawo a hamadar duniyar Tatooine suna tsintar tsoffin injina da mutum-mutumi suna sayarwa. A taƙaice 'yan gwangwan ne, sai dai na wata duniya. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka ta Kaduna ya ga yadda ake cinikin tsohon ƙarfe ya riga ya san halin Jawa fiye da wanda ya kalli fim ɗin sau goma.

Shigar ba ta buƙatar injin komai sai keken tela. Abin da ke sa ta yi kyau a hoto uku ne: siffar rigar daga nesa, tsufan da aka ba ta, da lokacin da aka danna kyamara. Na haɗa ta sau da yawa, ga yadda nake yi.

Kayan da za ka tanada

Yadin auduga mai kauri da kaushi, irin akoko, yadi 5 zuwa 6 ga babban mutum, 3 ga yaro. Baƙin yadi marar nauyi irin na niƙabi, yadi ɗaya. Ragar taga ta ƙarfe ko ta roba, kamar faɗin littafi biyu. Waya mai ɗan ƙarfi da za ta lanƙwasu da hannu. Ƙananan fitilun LED rawaya guda biyu (ka sayi huɗu, ɗaya sai ta mutu), da batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, guda biyu zuwa huɗu. Baƙin salatef na masu wayarin. Tsoffin bel na fata guda biyu masu faɗi, da ƙananan jakunkunan fata ko guntayen fata. Baƙar safar hannu da baƙar safar ƙafa. Bagaruwa mudu ɗaya, tsoffin ƙusoshi masu tsatsa, jar ƙasa, toka, sanfefa, almakashi, gam irin na masu gyaran takalmi. Sai waya mai kyamara, kwali da takardar alminiyam don mayar da haske, da mutum ɗaya ko biyu masu taimako.

Yadi ka nema a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Bel da safa da tsohon bargo, Kasuwar Bacci wajen 'yan gwanjo. Tarkacen ƙarfe, Panteka. Fitilu da batir, wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin. Shawara ɗaya: in za ka sayi farin yadi shida, ka faɗa wa mai shago abin da za ka yi da shi tun farko. Ni ranar da na fara, dattijon da ke auna mini sai da ya gama yankewa ya naɗe, sannan ya sassauta murya ya ce, "Allah ya jiƙan rai, ya ba da haƙuri." Na rasa ta inda zan fara yi masa bayani.

1. Ka kalli halittar da kyau kafin ka taɓa almakashi

Ka nemo hotunan Jawa uku ko huɗu: gaba, gefe, baya. Ka lura hular rigar tana da tsini a baya, tana da zurfin da ya haɗiye fuska gaba ɗaya. Hannun rigar faffaɗa ne, ya rufe yatsu. Gindinta yana jan ƙasa, ba a ganin ƙafa. Bel ɗin fata yana ratsa ƙirji daga kafaɗa zuwa ƙugu, wani ɗaya, wani biyu a gicciye. Ka buga hotunan a takarda ka kai wa tela, don bayani da baki ba ya isa.

2. Gwajin yadi da rini

Kafin ka biya kuɗi, ka nemi ɗan ƙyalle ka sa masa wuta. Auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda. Yadin roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. In ya narke ka bar shi, ba zai sha rini ba, kuma a hoto ƙyalli zai yi, ga zafi.

Ka wanke yadin da sabulu don sitacin kamfani ya fita. Ka daka bagaruwa, ka tafasa ta a babbar tukunya kamar awa ɗaya, ka tace, ka tsoma yadin yana jiƙe cikin ruwan da ɗuminsa, ka bar shi ya kwana. Sinadarin da majema ke jeme fata da shi, shi ne ke kama auduga ya ba ta launin ƙasa-ƙasa. In kana son ya ƙara duhu, ka jiƙa ƙusoshi masu tsatsa cikin ruwan tsamiya kwana uku, ka zuba kaɗan daga ruwan a bokiti cike da ruwa, ka tsoma yadin na ɗan lokaci ka cire. Na ce kaɗan: ruwan ƙarfe in ya yi yawa yana mayar da yadi ruwan toka mai duhu, ya kashe jan da ake nema. Ka gwada da ƙyalle tukuna, kuma ka jira ya bushe, don jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu nesa ba kusa ba. Daga ƙarshe ka kwaɓa jar ƙasa ka cuɗa yadin a ciki, ka shanya, ka kakkaɓe.

In ba ka da lokacin wannan duka, ka sayi garin rini ruwan ƙasa, ko ka kai wa marini. Amma ka roƙe shi kada ya daidaita launin. Shi mutuncin aikinsa launi ya fita sumul, kai kuma dabbare-dabbaren kake so. In kuma ka samu tsohon bargo ruwan ƙasa a gwanjo, ka huta da rini gaba ɗaya. Buhun algarara ma yana yin kyau ƙwarai a hoto, sai dai ƙaiƙayi, dole ka sa doguwar riga a ciki.

3. Wurin tela

Ka ce masa jallabiya zai ɗinka maka mai faɗi sosai, wadda ta fi tsayinka da inci huɗu, hannu ya wuce yatsu da inci uku, bakin hannun kamar na babbar riga ƙarama. Hular a ɗinka ta daban da yanki biyu, zurfinta daga baki zuwa tsini ya kai inci 20 zuwa 24, a bar ɗan rami a bakinta da za a zura waya. Wayar ce ke riƙe bakin hular a buɗe, ba ta bari ya faɗo ya rufe idanun.

Inda ake samun saɓani da tela shi ne kalmasa. Ka ce masa, "Oga, don Allah kada ka kalmashe gindin da bakin hannu, ka bar su yadda almakashi ya bar su." Zai ce to, kuma akwai yiwuwar ka dawo ka tarar ya kalmashe ya goge har da ƙari, don hannunsa ya saba. In haka ta faru kada ku yi rigima, ka yanke kalmasar da kanka a gida.

4. Tsufar da rigar

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu farawa ke jin tausayin kuɗinsu. Sabuwar riga mai tsabta, ko ɗinkin ya yi daidai, a hoto za ta fito kamar wanda ya yafa labulen ɗakin amarya. Halittar da ta shekara tana rarrafe a ƙarƙashin injina ba ta zuwa fes.

Ka tambayi kanka ina riga ke cinyewa a jikin mai aikin ƙarfi: gindi, gwiwa, gwiwar hannu, bakin hannu, kafaɗar da bel ke gogawa, da bakin hula. Nan za ka bi da sanfefa ko ka goga a jikin bulo har zare ya fara tashi. Gindin ka tsattsage shi da hannu, kada ka yi da almakashi, don almakashi yana barin haƙora jere kamar zarto, ido yana ganewa. Ka huda wuri biyu ko uku ka yi musu faci da wani ƙyalle mai ɗan bambancin launi, ka ɗinke da hannu da zare mai kauri, ɗinkin ganganci. Sannan datti: jar ƙasa a ƙasa-ƙasa inda ke jan ƙasa, toka a kafaɗu da saman hula inda rana ke kodar da yadi, garin gawayi a cikin ninki da hammata. In kana son dattin ya zauna, ka haɗa shi da ɗan gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa sosai, ka shafa da soso.

Kada ka yi amfani da baƙin man inji, ko da wani ya ce maka shi ne ainihi. Na taɓa yi. Warin bai bar mai sanye da rigar ya yi minti goma a ciki ba, kuma yadin da ya sha mai tartsatsi kaɗan yake jira.

Bayan kowane zagaye ka rataye rigar, ka ja baya taku goma, ka ɗauke ta da waya. Abin da ya yi maka yawa a ido, a kyamara rabinsa ke fita.

5. Fuska da idanu

Ka yanke ragar taga ta rufe daga goshi zuwa haɓa, ka lanƙwasa ta ta bi siffar fuska ba tare da ta taɓa hanci ba. Ka naɗe gefenta duka da salatef ninki biyu, don ragar ƙarfe tana tsaga fata. Ka ɗaura mata roba da za ta zaga ƙeya. Ka lulluɓe ta da baƙin yadin niƙabi ninki ɗaya, ka sa ka duba: in kana gani sosai kuma wanda ke gabanka ba ya ganin idonka, ya yi. In yana gani, ƙara ninki.

Fitilar LED tana da ƙafa biyu, doguwa da gajera. Ka soka batirin kwabo tsakaninsu, doguwar ƙafa ta kwanta a gefen da ke da alamar +, ka matse da salatef. Shi ke nan ta kama, kowace fitila da nata batirin. In ba ta kama ba, juya batirin. Wannan hanya ba ta da makunni, sai ka zura ɗan guntun leda mai tauri tsakanin ƙafa da batir, ka zare lokacin ɗauka. Wanda ke son abin da zai daɗe ya kai wa mai gyaran rediyo ya haɗa masa da batir AA guda biyu da makunni, ya sa wa kowace fitila rizisto, wato abin rage ƙarfin wuta, na om 100, ya liƙe da dalma.

Tsirarar fitila ɗigo kawai take fitarwa a hoto. Tana buƙatar murfi da zai baza hasken. Ni murfin siginar babur mai ruwan lemo nake yankewa ƙanana, ko ƙwallon tebur a raba biyu a shafa masa maka rawaya. In fitilar rawaya ta gagara, farar ƙaramar tocila ma ta yi, a rufe ta da ledar alawa mai ruwan ɗorawa.

Kuskuren da kowa ke yi: manna fitilun daidai saitin idonsa. Ba za ka ga komai ba. Ka sa su a kan ƙashin kumatu, ƙasa da idonka kaɗan, tazarar inci uku tsakaninsu, kai kuma ka riƙa leƙe ta samansu. Bayan kowace fitila ka toshe da baƙin salatef don kada haske ya dawo ya haska fuskarka ta cikin raga. Batirin kwabo kuma ka yi nesa da shi daga ƙananan yara, haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

6. Bel da kayan hannu

Ka haɗa bel biyu su zama ɗaya dogo, ko ka kai wa baduku ya jera maka ƙananan aljihuna biyar ko shida a jiki. Ka goge ƙyallin da sanfefa, ka shafa baƙin man takalmi a gefe-gefe.

A fim Jawa yana riƙe wata gajeriyar bindiga. A Kaduna ka manta da ita. Mutum da rufaffiyar fuska da abu mai kama da bindiga a bakin kogi da yamma, ba wanda zai tsaya tambayar wane fim ne. Haka kuma kada ka sa komai mai zanen kakin soja. Ka ba shi abin sana'arsa: kan tsohuwar fanka, kaburetar babur, cikin rediyo da wayoyi na reto, ko buhu a kafaɗa. Mun taɓa kifa tsohuwar tukunyar alminiyam a kan garwa, muka ɗaura mata fitilar babur a matsayin ido, Jawa yana janta da igiya. Wannan hoton ya fi duk na bindiga da na taɓa gani.

7. Wuri da izini

A Tunisiya aka ɗauki yawancin hamadar Tatooine. Mu nan muna da hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu hazo yana shafe gine-ginen nesa, ya mayar da rana fari-farin faifai, kuma a rani Kogin Kaduna yana ja baya ya bar yashi da duwatsu. Ka je wurin kwana ɗaya kafin ranar, a daidai lokacin da za ka yi ɗaukar, ka ga inda rana ke faɗuwa da inda za ka tsaya ba falwaya ko gada a bayanka. Ka kula da ramukan da masu ɗibar yashi ke bari, don mai sanye da raga ba ya ganin ƙasa sosai.

Sannan ka nemi mutanen wurin. Ka je ga mai unguwa ko shugaban masu yashi, ka gaishe shi yadda ya kamata, "Ranka ya daɗe, hoto za mu ɗauka na shigar wasa, kamar tashe, ga rigar ga fuskar," ka nuna masa a hannu. In akwai 'yan sintiri su ma su sani. A wurin ake sa shigar, ba a taho da ita a jiki daga gida, kuma da an gama hoto a cire fuskar. Kada ka fita bayan gari neman wurin da ya fi kyau, musamman da yamma.

In kogi bai samu ba, tulin yashi a gidan bulo ya wadatar in ka matso ka cika hoton da shi. Busasshen kududdufin jar ƙasa ma haka. Shagon tarkace a Panteka kuwa, in mai shi ya yarda, kamar don Jawa aka tara shi.

8. Ɗaukar hoton

Ku isa bayan la'asar. Kashi biyu za ka yi. Na farko rana tana sama kaɗan, don rigar da ƙura. Na biyu daga lokacin da rana ta kusa nitsewa, wajen ƙarfe shida, don idanu, saboda da rana tsaka fitilun ba sa fita ko kaɗan. Wannan kashi na biyu bai fi minti goma sha biyar ba kafin kiran magariba, don haka ka gama shirya komai tun da wuri.

Ka goge gilashin kyamara, ƙurar hunturu ba ta jira. Ka kashe filashi, ka kashe gyaran fuska, ka kashe tsarin dare, don shi aikinsa haska duhu, zai tona ragar da ka sha wahalar ɓoyewa. In wayarka tana da tsarin Pro, wanda ke barinka ka saita kyamarar da kanka, a kashi na farko ka sa ISO, wato ƙarfin kama haske, a 100, saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa ko wanda ya fi shi sauri. A na biyu ISO 400 zuwa 800, sauri 1/60, ka jingina wayar da dutse ko ka kafa ta. Kyamara ba ta iya kama baƙar fuska, sai ta yi ta lalube, saboda haka ka taɓa bakin hula ko bel a allo, sannan ka ja hasken ƙasa har idanun su dawo rawaya maimakon fari.

Rana ta kasance a bayan Jawa ko gefensa, mai taimako ya riƙe kwalin alminiyam yana mayar da haske kan ƙirji da bel, ban da cikin hula. Don ƙura, wani ya tsaya bayan Jawa a wajen hoto ya watsa busasshen yashi mai laushi sama ta inda iska za ta kwashe shi nesa da ku, kai kuma ka danna ɗauka a jere da sauri 1/1000. Mai asma ya tsaya nesa.

Matsalar tsayi: babban mutum ya durƙusa a kan gwiwa, a baza rigar ta rufe ƙafafun ta baya, a tura yashi a gindinta. Kai ka ɗauka daga tsayin ƙirjinka kana ɗan kallon ƙasa. In ka kwanta ka ɗauko shi daga ƙasa zai zama ƙato, ya tashi daga Jawa ya koma dodo. Tsayuwar ma akwai yadda ake yi: a duƙar da kafaɗa, a karkata kai gefe, a miƙo abin sayarwa da hannu biyu kamar mai cewa "nawa ka saya?" In kuna da riga biyu ko uku, su haɗa kai a kan tarkace ɗaya suna gardama. Jawa ɗaya yana da kyau, uku sun fi.

Duk minti goma a ɗaga fuskar, mai sanye da ita ya sha iska ya sha ruwa, ko da hunturu ne. In yaro ne, da iznin iyayensa da babba nasa a wurin.

9. Gyara a waya

Manhajojin gyara hoto Snapseed ko Lightroom sun isa. Ka fara da goge leda, sawun takalmi da falwaya. Ka ɗan ƙara ɗumin launi, ka rage shuɗi da kore, ka ƙara duhun cikin hula da burushi har raga ta ɓace. Kada ka cika launi har yashi ya koma kamar manja.

Tatooine rana biyu gare ta, kuma wannan ne zai sa wanda ya san fim ɗin ya gane wurin nan take. Ka ɗauki hoton ranar ita kaɗai a wannan yammacin, lokacin da hazo ya dushe ta, ba tare da ka ƙura mata ido ba. Ka ɗora shi a kan hoton da kayan haɗa hoto biyu na Snapseed, ka rage girmanta kaɗan, ka sa ta ƙasa da ta ainihi kuma kusa da ita, ka ɗan ja launinta zuwa ja. In ka kai ta ɗaya gefen sama, inuwar da ke ƙasa za ta ƙaryata ka.

Wajen tura wa abokan aiki a WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton, duhun hula ya farfashe. In fuskar wani ɗan kallo ta shiga, ka yanke ko ka tambaye shi kafin ka sa a Instagram.

10. Ajiya

Ka cire batir daga fitilu a ranar. Rigar ba a wanke ta, wanki ɗaya zai tafi da aikin mako guda. Ka juya cikinta waje, ka shanya a inuwa ta sha iska, ka naɗe ka sa a jaka mai zif saboda gara da ɓera. Ka kuma gaya wa mutanen gida mene ne a ciki. Tawa ta farko, na dawo daga tafiya na tarar Inna ta ciro ta, ta ga tsumma ne, ta yanke hannu ɗaya tana goge murhu da shi.